Ɓeran da Ya Daina Dannawa

A gida Likita ake kiranta, ko da yake ba ta taɓa duba ɗan'adam ba. Ɓeraye take dubawa. Aikinta a ɗakin gwaje-gwaje shi ne ta koya musu hodar iblis, sannan ta nemi abin da zai raba su da ita. Kowane ɓera da kejinsa, da siririn tiyo a wuya, da madanni a jikin bango. In ya danna, narkakkiyar hodar ta shige masa jini. Ba su da wuyar koyo. Sun fi ɗaliban Farfesa saurin ɗaukar karatu.

Farfesan ne ma ya jawo mata. Shugaban sashen ne, ya daɗe bai taɓa ɓera da hannunsa ba, amma ya sa sabuwar kwat ya je gidan rediyo, inda ba mai ganin kwat, ya ce sun kusa gano maganin shaye-shaye. Umma, mahaifiyar Likita, ta ji. Washegari da hantsi sai ga ta a ƙofar ɗakin, tana riƙe da hannun Auta kamar za ta kai shi makaranta. Auta mai gemu. Shekarun baya ya fara hodar, ya sayar da talabijin, ya sayar da keken ɗinkin Umma, ya rantse ya daina har rantsuwar ta gaji.

"Yaya likitar ɓeraye," in ji shi, yana toshe hanci. "Nan kike wuni? Wallahi gara gidan yari."

"Kai ka san can."

"Ku bari," in ji Umma. "Allurar na zo a yi masa. Kada ki ce mini babu, da kunnena na ji."

Akwai. Tana cikin firji, a 'yar kwalba, kuma Likita ta sha tsayawa gabanta tana lissafa nauyin ƙaninta a ka. Ta yi musu bayani a taƙaice. Hodar tana cika ƙwaƙwalwa da dofamin, sinadarin da ke sa rai ya ce a ƙara. Maganin yana toshe wuraren da dofamin ɗin ke sauka.

"To ai shi ke nan," in ji Umma.

"Zo ki ga wanda na yi wa."

Ɓeran yana kusurwar keji, ido buɗe. Madannin na gaban hancinsa, bai kula shi ba. Likita ta ɗiga masa ruwan sukari, abin da ɓera ke haukacewa a kai. Bai motsa ba. Ta ɗauko mace ta saka masa. Macen ta shinshine shi, ta tsallake shi kamar tsumma.

"Wannan ne Farfesa bai faɗa ba. Ya daina son hodar. Ya daina son komai. Muna neman wanda zai cire ɗayan ya bar sauran, ba mu samu ba tukuna."

Umma ta sunkuya ta daɗe tana kallo.

"Yana cin abinci?"

"In an sa masa a baki."

"Yana fita?"

"Ina zai je?"

Umma ta miƙe, ta gyara mayafinta. Fuskarta ta sake, rabon Likita da ganinta haka har ta manta.

"Ni zan riƙa sa masa a baki. Yi masa."

Likita ta dubi uwarta. Ashe ba ɗa take nema ba, kujera take nema, wadda za ta ajiye a ɗaki ta dawo ta tarar da ita. Ta juya ta ga ko Auta ya ji abin da aka yanke masa. Bai ji ba. Yana can wajen kejin waɗanda ba a yi wa allura ba, yana kallon wani ramamme da ke danna madanni ba ƙaƙƙautawa. Kallon hassada yake masa.

"Yaya," ya ce ƙasa-ƙasa, "tasu tsantsa ce ko? Ba haɗi? A wace durowa kuke ajiyewa?"

Ta cire safar hannunta ta jefa a kwandon shara.

"Ku tashi mu je."

"Allurar fa?" in ji Umma.

"Ta ɓeraye ce."

Har bakin get Umma na faɗa, wai an kai ta karatu ta dawo da zuciyar dutse, ta fi tausayin ƙazamar dabba a kan jininta. Likita ta wuce gabansu. Ta tsaya wajen maigadi, ta nuna masa su biyun da yatsa.

"Ka ga waɗannan? Ko sun ce ni na aiko su, kada ka buɗe."