Iskar Teku da Kuɗin Akuya

Nurys na saman rufin gida tana shanya nafkin ɗin jaririyarta Yaritza, sai ga mijinta Radhamés ya hawo yana haki, littafinsa a hammata, gwangwanin kofi a hannu. A cikin gwangwanin nan take ajiye kuɗin akuyar da za a yanka ranar Lahadi mai zuwa, ranar baftismar yarinyar.

"Uwar gida, na gama nazari," ya ce. "Wasan yau maki sai ya haura takwas. Mu zuba kuɗin a caca, a sama da takwas, akuya ɗaya ta zama biyu."

"Riƙe min bakin zanin nan."

Ya riƙe, bakinsa bai tsaya ba. Ɗan acaɓa ne, amma tun da ƙungiyar garinsu ta shiga zagayen ƙarshe na gasar ƙwallon gora, wato besbol, ya koma malami. Mai jefa ƙwallo na ƙungiyar baƙi, in ji shi, kwana uku kacal ya huta, hannunsa bai huce ba. Nasu kuma yaro ne, taro na firgita shi. Masu bugu kuwa duk sun ƙoshi. Yau ƙwallo sai ta yi ta tsallake katanga, maki ya yi ta hawa.

Nurys ta dubi igiyar shanya. Gidansu na bayan katangar filin wasan, tsakaninta da teku. Shekara uku tana wanki a nan. Ranar da iska ta taso daga gonakin rake, ƙwallaye har kan rufin suke faɗowa, ɗaya ma ta taɓa fasa mata bokiti. Yau kuwa kowane nafkin ya miƙe yana nuna filin.

"Iskar teku ce, Baban Yari. Ba abin da zai tsallako."

"Iska! Ni ina maganar alƙaluma, ke kina maganar wanki."

"To kai ka kai kuɗin mana."

"Haba, kin san hannuna. Sau biyu na miƙa da kaina, sau biyu na sha ƙasa. Naki ne mai sa'a."

Ta goge hannu a siket, ta karɓi gwangwanin, ta saɓa Yaritza a kafaɗa. Ta bi ta gaban shagon caca, inda maza suka yi layi suna gardama, ba ta ko rage sauri ba.

Ƙarfe huɗu rufin ya cika. Maƙwabta sun hawo da kujerun roba da rediyo, domin daga nan ana ganin filin kyauta. Doña Fefa, tsohuwar da ke ƙasansu, ta kawo soyayyar ayaba a faranti.

"Kin kai?" Radhamés ya raɗa mata.

"Na kai inda ya dace."

A zagaye na biyu babban mai bugunsu ya ɗirka wa ƙwallo gora, ƙarar har rufin. Kowa ya miƙe. Ƙwallon ta yi sama, ta yi sama, sai ta tsaya kamar an riƙe ta da zare, ta sauko cikin safar hannun ɗan wasan baƙi, taku biyu kafin katanga.

"Malam mai alƙaluma, yaya dai?" in ji Eladio mai aski. "Ko littafin ne bai gaya wa ƙwallon ba?"

"Da sauran wasa, kai dai ci ayabarka."

Sau huɗu ana haka. Nurys na zaune a inuwar tankin ruwa, ta toshe wa Yaritza kunne da tafin hannu saboda ihu. A zagaye na tara, na ƙarshe, wani siririn ɗan wasan garin ya gangara ƙwallo ta ƙasa, abokin wasansa da ke jira a zango na uku ya sheƙo ya zube a wurin cin maki. Wasa ya tashi ɗaya da nema. Garin ya ɗauka: tukwane, ƙahon babura, Doña Fefa na rawa da faranti a ka. Radhamés ya rungume Eladio yana tsalle, sai kuma ya tsaya cak. Maki ɗaya. Ya zo ya durƙusa gaban matarsa.

"Nurys, na kashe mu. Me zan gaya wa mamarki ranar Lahadi?"

Kafin ta amsa, daga tsakar gidan Doña Fefa wani kuka ya taso, dogo, mai cike da ƙorafi. Radhamés ya leƙa. Baƙar akuya ce ɗaure a jikin bishiyar mangwaro, tana cin igiyarta.

"Tun azahar take min ɓarna," in ji tsohuwar. "Ku zo ku kwashi abarku."

Ya dubi akuyar, ya dubi Nurys, dariya ta ƙwace masa har da hawaye. Can ya dafe kai.

"Tsaya. Tunda kin san iskar, me ya hana ki zuba a ƙasa da takwas? Da yanzu biyu ne a ɗaure!"

"Iska ce fa, tana juyawa," ta ce, ta ɗora masa Yaritza a hannu. "Riƙe ta in kwashe shanya. Tun ɗazu suka bushe."