Kujerun da Aka Kulle

Mutanen unguwa sukan ce Mai Kujeru bai taɓa karya alkawari ba. Yayarsa kuwa cewa take yi taurin kai ne kawai ya yi sa'ar suna mai kyau.

Ranar Laraba manajan Mai Kamfani, babban attajirin garin, ya shigo shagonsa ya yi hayar komai na ranar Asabar: kujeru ɗari uku, rumfuna shida, har da lasifika.

"Ina za a kai?" in ji Mai Kujeru.

"Babu inda za a kai. Ka kulle, ka huta. Maigida ya ce kana wahala."

Mai Kujeru ya amsa. Sai da manajan ya fita ya tuna Asabar ce ranar da unguwa za ta taru a filin makaranta, a ɗaga hannu kan ko za a bar wa kamfanin rijiyar burtsatsen jama'a ya zagaye ta da katanga. Tsofaffi ne suka fi ƙin abin, kuma tsoho ba ya awa uku a tsaye cikin rana.

Da yamma Yaya ta zo tana jan ƙafarta mai ciwo.

"Auta, an ce an saye ka kana zaune."

"Haya aka yi, Yaya. Na riga na ba da baki. Kin kuma san ginin nan na Mai Kamfani ne."

"Ginin nasa ne, motocin haya nasa, gidan rediyon nasa. Ashe har gindin zamanmu ya koma nasa." Ta juya. "Zan je. In na faɗi, ka zo ka yi hayar makara."

Ranar Asabar ya zauna a ƙofar shago, mabuɗi a aljihu. Daga nan yana hango filin. Ma'aikatan kamfani na cikin manyan motoci masu sanyi suna jira. Shugaban taro sai jan jawabi yake yi kamar mai saƙa, yana satar kallon tsofaffin da ke sulalewa ɗaya bayan ɗaya. Yaya ta dafa kafaɗar wata mai wanki, mai wanki ta dafa bango.

Wajen sha ɗaya ya ga Yaya ta durƙusa a ƙasa, hannunta a sama tun ba a ce a ɗaga ba.

Ya buɗe shago. Kujera goma-goma ya riƙa ɗorawa a amalanke, matarsa da maƙwabcinsa makaniki suna jan ƙarafan rumfa. Manajan ya tare shi a bakin titi.

"Ka san gobe ba ka da shago?"

"Na sani. Matsa, kada na taka maka takalmi, ban da kuɗin irinsa."

"Ina alkawarin?"

"Ga shi nan a amalanke, na karya."

Da inuwar rumfa ta tsaya a filin, waɗanda suka tafi suka fara dawowa, wasu suna dogara sanda. Shugaban taro ya dubi motocin, ya dubi filin, jawabin ya ƙare masa.

Mai Kujeru ya ajiye kujera a bayan Yaya. Ba ta zauna ba, ba ta kuma sauke hannu ba. Ya cire hula, ya yi magana yadda na kusa duk za su ji.

"Yaya, na bar ki a rana. Ki yafe mini."