Ruwan da Ke Shan Gazuwal

A shekarar 1974, da aka dawo hutun Kirsimeti, an rage wa makarantar kwana ta 'yan mata da ke kan hanyar Pitowa gazuwal, wato man dizal. Da, ganga huɗu ake kawowa daga Garwa duk wata, sai aka koma uku. Wutar gari ba ta kai nan ba. Inji guda ne ke ba su haske, shi ne kuma ke tura ruwan rijiya zuwa tankin da ke bisa dogayen ƙarafa a bayan ɗakin girki. Madam Simone, shugabar makarantar, ta tara ɗalibai ta shaida musu cewa karatun bayan magariba, wanda suke kira etid, ya koma awa ɗaya maimakon biyu.

Karimatu ba ta ji daɗin wannan labari ba ko kaɗan. 'Yar mahauci ce daga kasuwar Garwa, tana ajin da zai zauna jarrabawar Birebe, ta kammala ƙaramar sakandare, a watan Yuni, kuma so take ta wuce makarantar aikin jinya. Lissafi na ba ta wuya, a awa ta biyu ta etid ne ƙawarta Micheline ke zama da ita suna warware shi. Micheline daga duwatsun Mokolo ta fito, Kirista ce, a kasuwa ta koyi Hausa wajen taya uwarta sayar da dankali. Da Hausar suke hira in malamai ba sa kusa.

Su biyu suka je ofis suka roƙi Madam ta ba su wata guda. Suka ce in ɗalibai suka yi tattalin man, a mayar musu da awarsu. Madam ta dube su ta saman tabarau, ta ce ita abin da ma'aunin ganga ya nuna kawai za ta bi.

Suka fara da takardu. Micheline mai kyan rubutu ta zana kwan fitila yana kuka, ta rubuta da Faransanci cewa a kashe wuta in an fita. Suka manna a kowane aji da kowane ɗakin kwana. Karimatu kuwa ta riƙa zagaye tana kashe duk fitilar da ta samu ba kowa ƙarƙashinta, har 'yan manyan azuzuwa suka sa mata suna Jandarma. Aka yi mako biyu a haka.

Ranar Asabar da hantsi suka tafi ɗakin inji wajen Maurice, dattijon da ke kula da shi tun kafin su shigo makarantar. Ya tsoma sandarsa a ganga ya fito da ita ya nuna musu. Rarar man da aka samu a kan na da ba ta kai faɗin yatsa biyu ba.

Karimatu ta ce, "Baba Maurice, duk wahalar nan a banza?"

Ya goge hannu da tsumma ya ce su biyo shi. Bai tsaya ba sai wurin wanki. Famfo goma sha ɗaya ne a jere, bakwai na ɗiga, biyu na zuba kamar an buɗe su, ƙasa ta yi kore da gansakuka. Wata ɗaliba ta saki ruwa a kan riga ɗaya ta tafi neman sabulu.

Ya ce, "Fitilunku ba su ne ke cin man ba, 'ya'yana. Awa huɗu nake tayar da inji kullum da rana don in cika tankin nan. Rabin ruwan ga inda yake zuwa."

Ya ce ya sha faɗa a ofis, ana ce masa robar famfo sai an aiko daga Duwala. Kunya ta kama Karimatu, don mako biyu tana tsare wa mutane fitila alhali ita ma haka take barin famfo in tana wanki.

Ranar Lahadi da aka ba su izinin fita, ta je wajen mai gyaran keke da ke kusa da rumfar babanta ta roƙi tsofaffin tiyub guda uku. Maurice ya nuna musu yadda ake kwance kan famfo, su kuma suka zauna da almakashi suna yanka roba zagaye-zagaye. Na farko sun yi kauri, famfon ya ƙi rufuwa. Sai a na huɗu suka gane gwargwado. Kafin la'asar bakwai sun daina ɗiga. Biyun nan masu zuba sun riga sun lalace, Maurice ya toshe su da itace.

Saura mutane, kuma sun ga takarda ba ta motsa kowa. Micheline ce ta kawo shawarar bokiti. Ta cire robar famfo guda da gangan ya koma ɗiga, ta sa bokiti ƙarƙashinsa tun safe, in ya cika ta canza wani. Washegari a taron tutar makaranta 'yan ajinsu suka shigo a jere, kowace da bokiti a ka, har guda tara, suka sauke gaban kowa. Karimatu ta fito ta ce wannan ruwan famfo ɗaya ne a yini ɗaya, kuma kowane bokiti an ƙona gazuwal kafin ya hau tanki. Ta faɗa da Faransanci, Micheline ta maimaita da Fulatanci, ita kuma ta ƙara da Hausa. Madam Simone, wadda kan hukunta mai yin yaren gida a fili, ta juya kai kamar ba ta ji ba.

Daga nan suka raba famfunan, kowane ɗakin kwana da nasa, aka rubuta sunan ɗakin da fenti a bango. Ɗakin da aka iske famfonsa a buɗe, shi ke sharar wurin wanki. Wanka da wanki suka koma da bokiti. Duk Litinin Maurice kan kawo sandarsa taro, Micheline ta ja layi da alli a jikin bangon ofis daidai inda man ya tsaya. Wasu sun yi gunaguni, har wata rana aka cika wa Karimatu takalmi da laka. Ta wanke da ruwan da ya rage a bokitinta, ba ta kai ƙara ba.

A ƙarshen Fabrairu aikin inji da rana ya sauko daga awa huɗu zuwa biyu da rabi. Madam ta ƙi mayar da awa biyu cur, ta ce zafin Maris da Afrilu na tafe, za a sha ruwa fiye da yanzu. Ta ba su awa ɗaya da minti arba'in da biyar. Karimatu ta so ta yi gardama, Micheline ta taka mata ƙafa.

Da Yuni su biyun suka ci Birebe, Karimatu da ƙyar a lissafi. Ta wuce makarantar jinya a Garwa, Micheline ta zauna ta ci gaba da karatu, ta koya wa 'yan ƙananan azuzuwa yankan roba.