Riga Mai Dogon Hannu

Auta na ƙanƙame da ledar rigar a ƙirjinta lokacin da motar 'yan sanda ta yi baya-baya ta tsaya a bayan kotu. Aka fara sauke waɗanda ake tsare da su bibbiyu, hannun wannan ɗaure da na wancan. Ta hango Yayanta, kansa a sunkuye, kafin a tura su ɗakin ajiye masu jiran shari'a.

Tun da aka kwashe masu gyaran babura a bakin kasuwa ba ta sa shi a ido ba. Yau 'yan sanda za su roƙi alƙali ƙarin lokacin tsare su. Inna da kanta ta wanke farar rigarsa, ta goge ta har sau biyu, ta ce alƙali ma mutum ne, in ya ga yaro fes ba zai ɗauke shi ɓarawo ba.

Wani kofur mai tumbi ne ke gadin ƙofar. Auta ta matsa kusa da shi.

"Ranka ya daɗe, riga ce na kawo wa Yayana."

"Nan ya yi miki kama da shagon wanki?" Ya fizgi ledar ya zazzage. Da ya ga dogon hannun rigar sai fuskarsa ta saki. "A'a, ƙanwata, ai kin yi hankali. Bari in kwance shi ya saka."

Har godiya ta yi masa, da durƙusawa.

A cikin kotu fanka ɗaya ce ke juyawa. Aka jera su a benci. Yaya ya fi kowa haske, an ɓalla masa maɓallai har wuya da wuyan hannu. Lauyar taimako mai kare su kyauta ta shigo a guje da tarin fayil, ta kalle shi, ta tsaya cak.

"Wa ya kawo masa wannan rigar?"

"Ni ce," in ji Auta.

"Haba 'yar'uwa! Jiya na gan shi da 'yar shara. Hannunsa da bayansa duk shatin duka ne. Shi kaɗai nake da shi da zan nuna."

Aka kira ƙararsu. Ɗan sanda mai gabatarwa ya ce bincike bai kammala ba. Lauyar ta miƙe ta roƙi a bar wanda ake tsare da shi ya naɗe hannun riga. Yaya ya kai yatsu ga maɓalli, ankwar ta janyo hannun dattijon da aka haɗa su, maɓallin ya ƙi fita. Kofur ya yi gyaran murya a bayansa. Yaya ya sauke hannu.

Alƙali ya ɗago sau ɗaya. "Ni dai lafiya nake ganinsa. In akwai rauni a kawo takardar likita." Ya amince da roƙon 'yan sanda, ya ce a kira na gaba.

A bakin mota Yaya ya yi ƙoƙarin murmushi. "Auta, ki ce wa Inna rigar ta yi min daidai."

Kofur ya rufe ƙofar, ya juyo. "Ƙanwata, ranar dawowa ki kawo wata. Irin wannan dai."

Motar na ficewa wayarta ta yi ƙara. Inna ce.

"Kin ba shi? Ya yi kyau a gaban alƙalin?"

Auta ta dubi ledar da babu komai a ciki.

"Ya yi kyau, Inna."