Yadda Baffa Manu Ya Shiga Sahun Raguna

Manu mutumin wani ƙauye ne kusa da Bande. Yana noman gero, amma turkar raguna aka fi saninsa da ita. Duk shekara idan Sallar Layya ta gabato sai ya kai su kasuwar Dungas, dillalai su yi ta latsa musu gadon baya suna yatsina fuska, daga ƙarshe su kwashe su da araha su wuce Damagaram.

Bana ya ce ya gaji. 'Yar ƙaninsa Nazifa, wadda ke aikin sakatariya a lameri, wato ofishin magajin garin Magariya, ta buɗe masa shafi a intanet ta zuba hotunan ragunan. Ya sa ta haɗa har da nasa hoton, sanye da babbar riga shuɗiya da hula, wai don masu saye su san da dattijo suke ciniki. Aka kwana biyu, portabul ɗinsa, wato wayar hannu, ko tari bai yi ba.

Ran asabar Nazifa ta hau kabu-kabu ta zo da ordinatarta, wato kwamfuta, suka zauna a inuwa kusa da turke.

"Baffa, na gano matsalar," in ji ta. "Idan mutum ya nemi rago a Gugul, ba ido yake sa wa dabba kamar dillali ba. Ya fi dogara da sunan hoto da bayanin da aka rubuta masa, naka kuwa duk lambobi ne sunansu. Kuma sun yi nauyi, da rezon intanet ɗin nan namu mai rauni kafin su buɗe mai saye ya gaji ya tafi. Sai na rage musu nauyi."

Manu ya miƙe zumbur. "Ki rage wa wa nauyi? Tun kaka nake ɗura musu harawa da dusa!"

"Hoton zan rage, Baffa, ba ragon ba."

"To ai ragon yana cikin hoton."

Da ƙyar ya yarda ta gwada a kan guda. Da ta gama sai da ya je ya ɗaga ƙafafun gaba na ragon ya ji yana nan yadda yake, sannan ya ce ta ci gaba.

Aka zo sa suna. Manu ya juya wa ordinatar baya, ya fuskanci turke yana zuba wa kowane rago kirari, Nazifa tana bugawa tana bin hotunan a jere. Hasken rana ya kashe fuskar ordinatar, ba ta ganinsu sosai. Ana cikin haka Fadi, matar Manu, ta kawo fura. Da Nazifa ta ajiye ludayi ta koma aiki, ta mance cewa hoton Baffa yana tsakiyar jerin, bayanin babban ragon ya sauka a kansa.

Bayan 'yan kwanaki Manu ya kai ragunan Dungas. Tun daga bakin kasuwa ya ga ana kallonsa ana murmushi, ya ɗauka ƙibar dabbobinsa ce. Sai ga Ɗan Azumi, dillalin da ya fi kowa karya masa kaya, ya zo ya latsa masa gadon baya.

"Lalle ya sha dusa," in ji Ɗan Azumi. "Buɗe baki mu ga haƙora."

"Kai, ka haukace ne?"

Ɗan Azumi ya miƙa masa portabul. Ya rubuta "ragon Bande", abin da ya fara fitowa Manu ne, hula a karkace, ya murtuke fuska. Ɗan Azumi ya karanta wa jama'a bayanin da ƙarfi: "Ƙaton ragon Bande, lafiyayye, mai faɗin ƙirji, ba ya rage komai a kwano, sai dai yana da tunkuyi."

Kasuwa ta kwashe da dariya. Manu ya ɗaga sanda, wani ya ce, "Ku matsa, an ce yana tunkuyi!"

Nan take portabul ɗinsa ya fara kuka. Wani mutum ne daga Damagaram.

"Salamu alaikum. Wannan mai hular, yana nan ko an saye?"

Manu ya kashe. Mutumin ya sake kira yana dariya, ya ba da haƙuri, ya ce ya shiga shafin ya ga farin ragon nan mai baƙin kunne, shi yake so, zai aiko a ɗauka. Daga shi sai wani daga Magariya, sai wata hajiya daga tsallaken iyaka. Kowa sai ya fara tayin mai hula kafin ya shiga ciniki na gaske. Kafin la'asar raguna sun ƙare, babu ko ɗaya da ya bi ta hannun Ɗan Azumi.

Da ya koma gida ya kira Nazifa, ya buɗe murya yadda Fadi ke ji daga madafa.

"Ke, ni kika mayar dabba a idon duniya?"

"Wallahi kuskure ne, Baffa, ka yi haƙuri. Yanzu zan gyara. Sai dai ka sani, hoton nan ake ta turawa a portabul, shi yake jawo mutane shafin."

Manu ya waiwaya. Ya dubi turke babu komai, ya dubi 'yan tumakin da yake shirin turkewa na baɗi.

"To bar shi," in ji shi. "Amma ki ƙara a ƙasa, da manyan baƙaƙe, cewa wannan ba na sayarwa ba ne."

Fadi ta leƙo da muciya a hannu. "Nazifa, dakata tukuna, kar ki yi gaggawar rubutawa," in ji ta. "Bari mu ji nawa aka taya."