Wai Ɗin Tafinta

Shin mutum zai iya yin abin da ya dace, kuma duk da haka ya zama ya cuci wani? Ni dai ban sani ba. Tafinta ma bai sani ba, ko da yake wata biyar ke nan tambayar tana cin ransa.

Shekararsa goma sha shida yana fassara a kotu. Ranar da cikin matarsa ya zube, ya kai ta asibiti, ya zaunar da ita a benci, ya wuce aiki. Akwai wani mutum a tsare wanda ba ya jin yaren alƙali, in babu tafinta sai a ɗage shari'ar wata biyu. An saki mutumin a ranar. Matar kuwa, malamar makaranta ce, tana samun sauƙi ta koma gidan yayanta. Yau ne zamansu na huɗu wajen likitar da ke sauraron ma'aurata, kuma tun a matakala Malama ta gaya masa: in aka tashi yau kamar sauran ranakun, ya aiko mata da takardarta.

Ɗakin ƙarami ne. An karkata kujerunsu biyu, ba sa fuskantar juna sosai, agogo kuma yana bayansu inda Likita kaɗai ke ganinsa. Dokarta ɗaya ce: ba mai ba da amsa sai ya maimaita abin da ɗayan ya faɗa, har mai maganar ya yarda an ji shi.

"Na zauna a bencin nan awa uku," in ji Malama. "Jini na bin ƙafata. Duk wanda ya turo ƙofa sai in ɗaga kai. Na ji tsoro, kuma ba ka nan."

"To, Malam," in ji Likita, "maimaita."

Ya gyara zama. "Ta ce wai ta zauna awa uku, wai ta ji tsoro..."

"Kin ji ko, Likita? Wai! Kamar jita-jita ya tsinto a tashar mota."

"Ai haka ake kawo maganar wani."

"A kotu haka kake yi?" Likita ta tambaye shi.

A kotu, in mai shaida ya ce "na gani", shi ma "na gani" yake cewa. Ya taɓa cewa "ni na kashe shi" da bakinsa, muryarsa ko rawa ba ta yi ba. Sabon tafintan da ya kuskura ya saka "wai", alƙali kan tsawata masa a gaban jama'a.

"Yi mata yadda kake yi wa baƙo," in ji Likita.

"Ba zan yi ba. Nan ba kotu ba ce. In na faɗa haka, na amsa laifi ke nan. Mutumin nan fa 'ya'yansa biyar, wata takwas yana..."

"Ga shi nan, ya sake shigo mana da mutuminsa." Malama ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Yallaɓai, yaushe na ce ka bar shi ya ruɓe a kurkuku? Ɓarayi ma kana ara musu bakinka. Ni ce dai ban isa ba."

"Ba ni zan yanke wanda ya yi daidai ba," in ji Likita a hankali. "Ba aikina ba ne. Saura minti shida."

Malama ta ɗauki jakarta, ta miƙe.

Tafinta bai taɓa zaton ƙarya take yi ba, ko sau ɗaya. Amma ya san aikinsa: maganar da ka faɗa da "na", sai ka zauna inda mai ita ya zauna. Bencin nan yake gudu.

Ya ɗora tafukansa a gwiwa, ya kafa ido a bango, yadda yake yi a gaban alƙali.

"Na zauna a bencin nan awa uku," ya ce. "Jini na bin ƙafata. Na ji tsoro, kuma... kuma ba ka nan."

Malama ta tsaya, hannunta a kan marfin ƙofa. Ba ta juyo ba.

"Ka tsallake ƙofar," ta ce. "Na ce duk wanda ya turo ta sai in ɗaga kai."

"Haka ne."

Ta dawo ta zauna a bakin kujera, jakar na cinyarta. Shi kuma ya juyo da fuskarsa gare ta, ya sake farawa daga farko.