Agogon da Ba Zai Yi Tafiya Ba

Fim ɗin minti shida ne kacal, amma wata goma sha huɗu Auta ta yi tana zana shi, hoto bayan hoto, har yatsanta ya yi kanta. Labarinsa ba wuya. Wani ƙaton agogo ne a sararin sama, cikinsa a buɗe, tayoyinsa masu haƙora suna juyawa. Duk bugu ɗaya sai gari ya tsiro a ƙasa, daga bukkoki zuwa benaye, ya cika ya batse, sannan ya rushe, ciyawa ta rufe shi, wasu mutanen su zo su sake aza tubali.

Kwana uku da sa shi a intanet, ra'ayoyin masu kallo suka yi ta zuba. Wata ta ce ta yi kuka. Wani ya ce wa'azi ne, duniya ba matabbata ba. Wasu biyu suka kaure da musu kan ko ci gaba alheri ne ko tsiya, har suka kai ga zagin iyaye, fim ɗin ma sun manta da shi. Wani bawan Allah kuwa tambayarsa ɗaya, wane ne ya yi kiɗan.

Auta ta ji daɗi, ba ƙarya. Sai dai bakin mutum ɗaya take jira, shi kuwa ya ƙi buɗuwa. Babanta mai gyaran agogo ne. Shekara huɗu ta yi a gefensa tana miƙa masa sukurori kafin ta bar shagon ta kama zane, kuma tun ranar bai taɓa kiran abin da take yi aiki ba. Shi a wurinsa aiki shi ne ka gama gyara, ka kara agogo a kunne, ka ce, "Ya tashi." Sauran duk wasan yara ne.

Ta same shi a shago, gilashin ƙara girma maƙale a idonsa na dama, agogunan bango suna ta bugawa kowanne da nasa lokacin. Ta karanta masa yabon mutane ɗaya bayan ɗaya.

"Mutum dubu sun yaba miki," ya ce, bai ko ɗago ba. "Me kike nema wurin tsoho?"

"Ka kalla dai, Baba. Minti shida ne."

"Minti shida na san abin da zan yi da shi."

Ta fita ranta a ɓace.

Washegari wani sabon ra'ayi ya bayyana, da sunan yayarta: "Agogon nan ba zai yi tafiya ba. Tayoyi biyu da haƙoransu suka shiga juna ba sa juyawa gefe ɗaya. Wadda ta zana shi a gaban agogo ta girma, amma ba ta taɓa leƙa cikinsa ba."

Yaya ma'aikaciyar jinya ce, ko batirin agogonta ba ta iya canzawa. Auta ta buga mata waya.

"Ni 'yar aike ce, kar ki ga laifina," in ji Yaya tana dariya. "Jiya Baba ya karɓi wayata. Sau tara ya kalla, gilashi a ido, hanci a jikin waya. Sannan ya ce in rubuta, kuma kar in rage masa ko harafi."

"Sau tara?"

"Na ƙirga. Ke dai share kawai. Wa ya lura in ba shi ba? Ga masoyanki can sun taso min, wai in je in zana nawa."

Haka ne kuwa, sun yi wa ra'ayin ca. Auta ta buɗe fim ɗin a kwamfuta, ta tsayar da shi daidai kan agogon. Manyan tayoyi biyu, haƙora cikin haƙora, duka suna bin dama. Da ƙarfe ne da tuni sun kakkarye. Kunya ta kama ta har wuya, ta bi ta da haushi, don gaskiya ɗaci gare ta, balle ta fito daga bakin Baba. Ta ƙirga zanen da agogon ya fito a ciki: ɗari uku da goma sha biyu.

Ba ta goge ra'ayin ba. Ta rubuta a ƙarƙashinsa, "Gaskiya ne. Zan gyara." Ta ɗauki takarda da fensir ta nufi shago, ta jawo tsohuwar kujerarta daga ƙarƙashin tebur ta zauna.

"Buɗe min ɗaya in gani."

Baba ya dube ta ta saman gilashi. Ya ɗauko wani agogon aljihu, ya ɓalle bayansa, ya cire gilashin daga idonsa ya miƙa mata.

Mako bakwai ta yi tana zuwa. Ta zana, ya duba, ya ce haƙoran sun yi yawa. Ta sake, ya ce wannan tayar ta fi ƙarfin waccan. Masu kallo suka gaji da jira suka koma wani abin, abokan aikinta suka ce ta cika taurin kai. Ta ce gado ne.

Ranar da ta gama, ba ta sa shi a intanet ba tukuna. Ta kai masa shago, ta ajiye wayar a kan tebur tsakanin sukurori. Ta koma gefe tana jira kamar ba ita ce mutum dubu suka yaba wa ba.

Baba ya maƙala gilashi ya sunkuya. Garuruwa suka tashi suka faɗi, shi idonsa na kan tayoyi, leɓensa na motsi yana ƙirga. Minti shida cif bai ɗago ba. Da fim ɗin ya zo ƙarshe, sauran bugun agogon kawai, sai ya ɗauki wayar da yatsu biyu, ya kara ta a kunnensa, ya lumshe ido.

"Ya tashi," ya ce.